Akwatin Ƙafar Sher Ajab

Ni na goyi Sher Ajab, don haka kada wani ya zo yana ba ni labarin taurin kansa. Tun yana bayana, in ya nuna hanyar rafi ni kuma na bi ta gona, sai ya sandare ya yi ta dukana da dudduge har sai na juya. Innarmu takan ce zai daina in ya girma. Allah ya ji ƙanta, ba ta ga komai ba.

Babanmu manomi ne, 'yan gonakinsa hawa-hawa a jikin dutse, alkama a ƙasa, dankali a sama. Ajab bai taɓa riƙe fartanya da zuciya ɗaya ba. Gemu bai gama fito masa ba ya gudu birnin Chitral, ya yi shekaru yana wanke motocin mutane yana kwana a ƙarƙashinsu, sai ga shi wata bazara ya shigo kwarinmu da jif tasa ta kansa. Tsohuwar ta soja ce da aka yi gwanjonta, ta girme shi, sitiyarinta a hagu, ba ƙofa, ba rufi sai tamfol. Na ce masa, "Wannan gwangwanin ka tafi nema?" Ya ce, "Yaya, gaishe ta da ladabi, ita za ta ci da mu." Kuma ta ci da mu ɗin, ba zan yi mata ƙarya ba. Da ita ya yi aure, da ita ya rufa ɗakin baƙi, kuma da mijina ya rasu na tattara 'yan komatsaina na dawo gida, a bayanta na dawo.

Zaman jif a hanyarmu kowa ya san shi. Mu mata da yara a tsakiya, a ƙasa kan buhuna, gwiwa a haɓa, a ja mana tamfol. Maza a gefe da baya, wasu a tsaye suna riƙe da ƙarfe. Direba kuwa, da zarar ya saki kuloci, sai ya fitar da ƙafar hagu ya ɗora a kan matakala, balle a wuraren da hanya ta matse, ga dutse a wannan hannu, ga kogi can ƙasa a wancan. In birki ya ƙi, ko bakin hanya ya zabtare, sai ya kwarma ihu, "Ku dira!" shi ma ya dira. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa ganin abin magana a ciki.

Ajab ma ya dira, a kakar da aka yi dankali mai yawa. Shi kaɗai ne da lodin buhuna, bakin hanya ya tafi da tayar baya, ya yi tsalle ya sauka da gwiwa a kan dutse. Motar ta yi ta wuntsilawa har bakin ruwa. A asibitin birnin Peshawar likitoci suka ceci ƙafar, amma suka ce gwiwa kam ta tafi ke nan, suka haɗe ƙashin sama da na ƙasa da ƙarfe. Ya dawo mana da ƙafar hagu miƙe kamar taɓarya. Ko sallah zai yi, sai ya shimfiɗe ta a gefe.

Mutanen gari, Allah ya saka musu da alheri, suka yi gayya da igiyoyi suka fito da motar gunduwa-gunduwa. Suka jibge mana ita a tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar tuffa, daidai inda nake shanya. Zar Wali, shugaban direbobin tasharmu, ya zo dubiya da ƙullin sukari. Ya zagaya tarkacen yana shafa gashin baki, sa'annan ya shigo ya zauna.

"Ajab, Allah ya kiyaye gaba," in ji shi. "Ka sayar mana da ƙarafan nan mu yi gyara da su. Kai kuma ga benci a tasha, ka zauna kana kiran fasinja, ba za ka rasa na shayi ba."

Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, ni ma so na yi ya karɓa. Ajab ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Sha shayinka kafin ya huce, Zar Wali. Bencin kuma ka ajiye wa kanka, na ga ka fara nauyi."

Ana fara dusar ƙanƙara ya sa aka kafa masa rumfa a kan tarkacen, ya aika aka kira Bulbul Aman. Bulbul abokinsa ne tun na yarinta, maƙeri ne, shi ke yanka duro yana yi mana murhun ɗumama ɗaki da bututun hayaƙi, kuma ƙarar dukan ƙarfe ta cinye masa rabin ji. Inji bai ba su wahala ba, don Ajab ya san cikinsa fiye da yadda ya san 'ya'yansa. Bodi ne abin kuka, ya lotse ya murɗe. Suka raba shi da shasi, suka riƙa gasa wurin da ya lanƙwashe da garwashi, su tokare da jak da gungumen itace, su bi da guduma. Duk tsawon hunturun nan ba abin da muke ji sai ƙwam, ƙwam, ƙwam. Kajina ma sai da suka daina ƙwai.

Da ƙanƙara ta fara narkewa suka mayar da bodin a kan shasi, suka ɗaura kujera. Tabo na nan ko'ina, amma ta koma kamar mota. Ajab ya ajiye sanda ya ce bari ya zauna. Ya gwada ta hagu, ƙafa ta tokare da ƙarfen gaba. Ya zagaya ta dama, ta harɗe da giya. Ya hau ta baya, ya ɗago ƙafar da hannu biyu zai cusa, ya zame ya faɗo cikin laka da bayansa. Matarsa ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki. Bulbul ya kama kallon bishiya. Ni kuwa tausayi ya kama ni, na durƙusa na ce, "Ajab, ya isa haka. Ka yi iya yinka, Allah ya gani."

Yana kwance a lakar ya ce, "Yaya, miƙo mini gawayi."

Na miƙa masa. Ya ja jiki ya jingina da taya, ya zana layi a jikin motar, tun daga inda direba ke sa ƙafa har gefen bonet, saman ƙarfen da ya rufe tayar gaba. Ya ce wa Bulbul, "Nan za ka yanke."

"Me?" in ji Bulbul, yana kara hannu a kunne.

"Yankewa za ka yi!"

"Haba Ajab! Wata da watanni muna miƙar da ita, yanzu ka ce a yanka? Kai kana da hankali kuwa?"

"Motar nan mai gwiwa aka ƙera wa," in ji Ajab. "Ni kuwa ba ni da ita. Dole ɗayanmu ya lanƙwasa, kuma kun dai ga ba ni ba ne."

Abin da ya ƙudura shi ne a yi wa ƙafar ɗaki nata, dogon akwatin ƙarfe da zai fita ta gefen hagu ya miƙe gaba. Tankin mai yana ƙarƙashin kujerar direba, suka cire shi suka mai da shi baya. Suka yanke tudun da ya rufe tayar baya don kujera ta ja da baya. Kulocin ma suka tsawaita shi da sandar ƙarfe suka kai shi can ƙarshen akwatin, tunda idon sawunsa na aiki ras. Da zaren saƙata suka auna ƙafar, ba tare da sun tambaye ni ba.

To ga inda wayonsu ya ƙare. A cikin ɗaki suka yi awon, kusa da murhu, Ajab na sanye da wando shara-shara ba takalmi. Bulbul ya tafi ya ƙero akwati cif-cif, yana ta yabon kansa wai ko tela sai haka. Ranar gwaji aka tashi da sanyi, Ajab ya fito da wandon ulu da ƙaton takalmin hunturu. Ƙafa ta shiga rabi ta maƙale, ba gaba ba baya. Ni da Bulbul muka kama hamatarsa muna ja, shi yana zagin kakannin Bulbul, Bulbul na cewa, "Me ya ce?" Da ƙyar ya zaro, takalmin ya tsaya a ciki. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, shi ma ya fashe da ita. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin Peshawar.

Akwati na biyu suka yi shi da faɗi, suka shimfiɗe cikinsa da fatar tunkiya. Wutar garinmu ba ta ɗaukar walda, don haka da kusoshin ƙarfe aka haɗa komai, a huda, a cusa, a dake kai. Dole wani ya tokare bayan kusar da abu mai nauyi, kuma wa kuke zato aka samu? Ni ce nan, da kan gatari a hannu, kaina a cikin bodi, suna duka daga waje. Har yau kunnena na dama yana ƙugi. Ina yi ina mita, amma ina yi.

Direbobi kuwa sun sami abin nishaɗi. In sun taso daga tasha sai su leƙo ta saman katanga.

"Ajab, murhu ake haɗawa? Ta ina hayaƙin zai fita?"

"Ta bakinka," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

"A'a, ku duba da kyau, ciki motar ta yi. Allah ya raba lafiya!"

"Amin. In ta haihu zan sa wa ɗan sunanka, tunda kai ma a gefe ka fito."

Suna tafiya sai guduma ta ƙara ƙarfi. Na san maganar tana cinsa, amma ko za a yanka shi ba zai nuna ba.

Ranar da aka gama, ya nuna mana yadda zai shiga. Bayan kujerar an yi shi mai kwantawa, da wani ƙarfe da ake zarewa. Sai ya hau ta baya, ya kwantar da shi, ya zauna, ya tura ƙafar cikin akwatin a hankali yana jan jiki gaba, sa'annan ya miƙa hannu ya tayar da bayan kujerar ya soke ƙarfen. Ya zauna daram, hannu a sitiyari. Ya taka kuloci muka ji ƙaras. Fuskar nan tasa ta washe, ni ma na ji daɗi har na yi guɗa.

Sai matarsa ta kira shi cin abinci. Ya laluba baya ya zare ƙarfen, ya kwantar da kujera, ya dafa hannu biyu yana ja da baya kaɗan-kaɗan. Ina tsaye ina kallo, sai na lura da wani abu. Akwatin ya toshe gefen da direba ke fita. Mutumin da fitarsa ke ɗaukar tsawon alwala, ina zai dira?

Na ce, "Ajab, to in ta tafi fa?"

"Wa?"

"Kada ka raina mini hankali. In bakin hanya ya sake zabtarewa."

Ya gama fitowa, ya ɗauki sandarsa, ya karkaɗe wando. "Sai mu tafi tare," in ji shi.

Ashe ya sani tun ranar da ya zana layin. Kai, ranar nan na yi faɗan da ban taɓa yi ba. Na ce masa ni ya sa na riƙe masa gatari yana ƙera wa kansa makara? Na ce ya dubi 'yan matansa ƙanana. Na ce girman kai ne ba neman abinci ba, don kada a ce Sher Ajab ya zauna a benci. Bai musa ba. Ya ce, "Yaya, na dira sau ɗaya, kin ga abin da na samu. Ba na sha'awar na biyu." Na kwashe guduma da sifanu na watsa su a cikin magudanar ruwan gona. Da safe na fito na tarar yana gyara wata kusa da dutsen da nake niƙa gishiri. Tsoro ne ya sa ni duk wannan, tsoro tsagwaronsa. Ni na wanke masa jini a Peshawar, ban shirya wanke gawarsa ba.

Wajen fenti Bulbul ya kawo shawara mai kyau. Ya ce a shafe duka da kore, akwatin ya saje da jikin motar, daga nesa ba mai lura. Ajab ya shafe motar da kore, sa'annan ya aika garin Buni aka sayo masa jan fenti, ja wur, ya shafe akwatin da shi. Bulbul ya ce, "Yanzu ai daga ƙetaren kogi za a hango." Ajab ya ce shi ya sa.

Ya loda duwatsu ya sauka har gada ya dawo, ya sake, ya sake, motar ba ta yi ko tari ba. Sai ya wanke ta, ya sa hularsa ta ulu sabuwa, ya tafi tasha ya shiga layi. Bulbul ne ya ba ni labarin abin da ya faru, don ni ƙin zuwa na yi. Zar Wali ya fito ya ƙwanƙwasa akwatin, ya sa Ajab ya fita ya shiga a gaban jama'a, sa'annan ya girgiza kai.

"Ajab, ba ƙiyayya ba ce. Direban da ba zai iya dira ba gawa ne, ni kuwa ba zan sa gawa a layi ba."

"Gawar tawa ce ko taka?"

"Ba kai kaɗai ba ne a motar," in ji wani fasinja daga gefe. "Mu da muke tsaye a baya, ƙafar direba muke kallo. Kafin ya yi ihu mun ga ta motsa, mun shirya. Kai ka ɓoye taka a cikin bututu, da me za mu gane?"

Maza suka ce ƙwarai, gaskiya ne. Aka yanke cewa ba shi cikin layi, ba mai kira masa fasinja, ba mai ba shi lodi a tasha. Hanya kam ta gwamnati ce, in ya ga dama ya tsaya can ƙetaren titi wajen shagon mai gurasa.

To can ya tsaya. Kullum da safe sai ya je ya faka, ya zauna a ciki yana kallonsu suna lodi. In motar layi ta cika ta tashi, shi ma ya tayar da tasa, wayam, ya bi bayanta har Buni, ya dawo da yamma wayam. Man da yake ƙonawa, akuyoyinmu ne suke tafiya ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa, "Wa kake yi wa wannan wasan?" Ya ce, "So nake su riƙa ganina a madubi." Matarsa ta daina magana, ta rame. Da aka fitar da akuyar da ke ba yara nono, na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na ce masa in bai sayar da motar nan ba ni zan bar masa gidan. Na ga idonsa ya faɗa, kuma a karon farko na ga yana kallon motar kamar mai auna abin da za ta yi a kasuwa. Na sami abin da nake so, amma wallahi ban ji daɗinsa ba.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a ƙauyen da ke ƙasa da gada. 'Yar garinmu ce da aka aurar can, don haka mata da yawa muka shirya zuwa gaisuwa. Layin Zar Wali ne a ranar. Muka hau muka zauna a tsakiya yadda muka saba, maza suna ta kama wuri a gefe. Ajab yana ƙetaren titi a cikin motarsa, ni kuwa na juya masa ƙeya.

Sai ga Gul Andam tana tahowa da sandarta. Tsohuwa ce sa'ar innarmu, kuma duk garin an san ba ta hawa mota. Shekarun baya 'yarta tana da tsohon ciki aka ɗauke ta zuwa asibiti a tsohuwar motar Zar Wali. Birki ya tsinke a gangare, Zar Wali ya yi ihu ya dira, maza suka dira, motar ta tafi kogi da 'yar tata da wasu mata biyu, ba wadda ta rayu. Ba wanda ya zarge shi, ya yi abin da kowane direba zai yi, aka ce ƙaddara ce. Ita ma Gul Andam ba ta taɓa cewa komai ba. Tun daga ranar dai, duk inda za ta, a ƙafa take zuwa, ko da zai kai ta yini.

Muka zaci wucewa za ta yi. Ta gifta motar Zar Wali ba ta dube ta ba, ta tsallaka titi ta tsaya a gaban jan akwatin. Ta ƙwanƙwasa shi da sanda, ta sunkuya ta leƙa. Har mai gurasa ya fito kallo da hannunsa duk gari.

"Ɗan nan," in ji ta, "an ce in ka shiga nan ba ka iya fita."

"Ina fita, Inna. Sai dai da ɗan jinkiri."

"Ba wannan na tambaye ka ba. In ta nufi kogi fa?"

Ajab ya dubi direbobin da suka kasa kunne. Na san yana neman wata baƙar magana da zai yaɓa musu, amma tsohuwar ta kafe shi da ido. Ya ce, "Ba zan iya ba."

"Ko ka so?"

"Ko na so."

Ta gyaɗa kai. Ta zagaya bayan motar, ta jefa sandarta ciki, ta kama ƙarfe ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi kaiwa. Ta waiwayo ta ɗaga murya ta kira sunana, "Nasib Jahan! Kina zaune kina kallona? Zo ki tura ni sama."

Ni da na sha alwashin ba zan taɓa hawa motar nan ba, ban san lokacin da na sauko ba. Na tsallaka na tura ta, ta kama hannuna ta ƙi saki, ta ce, "Hawo mana, wa zai riƙe ni?" Na hau. Ban gama zama ba na ga matar liman ta sauko daga motar Zar Wali da ƙullinta. Sai wata ta biyo ta, sai wata mai goyo. Ba wadda ta yi shawara da wata, saukowa kawai suke yi suna tsallaka titi. Mazajensu suka rikice.

"Ke, ina za ki? Dawo nan!"

"Gaisuwa za ni, Malam," in ji mai goyon. "Mu haɗu a can."

Kafin ka ce me, motar Zar Wali ba kowa a tsakiyarta sai buhunan wofi, maza na tsaye a gefe suna riƙe da ƙarfe suna zare ido. Zar Wali ya tsallako da gudu yana haki, ya kama bakin tamfol. Ba fushi ne a fuskarsa ba, tsoro ne na gaske.

"Inna, ku ji tsoron Allah! Motar nan in ta tafi, ba mai fita!"

Gul Andam ta gyara zama a kan buhu, ta ja mayafinta, ta dube shi. Ina jin tun ranar da aka fito da 'yarta daga ruwa ba ta dube shi ido da ido ba sai yau. Ba ta ɗaga murya ba.

"Zar Wali, mu da muke tsakiya, yaushe muka taɓa fita?"

Hannunsa ya saki tamfol ɗin. Ya ja da baya.

Na dubi ƙanena. Na san shi, ba don mu ya yanka motar nan ba. Don kansa ya yi, don ya nuna wa benci iyakarsa, kuma na tabbata ko sau ɗaya bai tuna da matan tsakiya ba lokacin da yake dukan ƙarfe. Na zaci zai juya ya yi wa direbobi gwalo, don wata da watanni yana jiran wannan rana. Bai ko dube su ba. Hannunsa na kan sitiyari, gumi na tsattsafo masa a wuya da sanyin safiyar nan. Ga Sher Ajab zaune da mota cike da iyayen mutane a bayansa.

Ya taka birki ya saki, ya sake takawa, ya ja na hannu ya duba. Ya laluba baya ya taɓa ƙarfen kujerar ya ji ya soku. Sa'annan ya waiwayo, ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, har jaririn da ke goye.

"Yaya," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa, "kun zauna da kyau?"

Tun ina budurwa nake hawa jif, ba direban da ya taɓa waiwayowa ya yi mana wannan tambayar. Na ji hawaye na zuwa, na haɗiye su don kada ya samu abin faɗi.

Na ce, "Mun zauna. Ja mu tafi."